Filin Gida Da Kasuwa: Kafin Ka Ɗauko Babban Talabijin

 

A 'yan watannin nan wasiƙu sun yi ta shigo mana daga Nima da Mamobi da Sabon Zango a nan Akra, da Aboabo da Asawase a Kumasi, har da Tamale, kusan duk a kan magana guda. Mutum ya tara 'yan kuɗinsa, ko kuwa adashi ya zagayo kansa, yana so ya sayi babban talabijin irin na maƙalawa a bango, ya mai da falonsa ƙaramin gidan silima, amma da zarar ya sa ƙafa a kanti sai yaran kanti su rikita shi da sunaye da lambobi, wannan ya ce nasa ya fi, wancan ya ce nasa ne na gaske. To, tun da yake kuɗin da ake magana a kai ba kuɗin cefanen yini ɗaya ba ne, a wani gidan ma ya kai kuɗin makarantar yara na shekara, mun ga ya kamata mu ba wannan batu filin wannan wata gaba ɗaya.

Dattawanmu za su tuna cewa a watan Yuli na shekarar 1965, zamanin Kwame Nkrumah, aka buɗe gidan talabijin na ƙasar Gana, hoton kuwa fari da baƙi ne, sai a 1985 aka fara mai launi. A wancan lokaci akwati ɗaya kan ishi lungu guda, yara su cika tsakar gidan mai shi, wanda bai wanke ƙafa ba a kore shi. Mai son babban hoto kuwa sai ya nufi Rex ko Roxy ko Opera ko Orion, ko Dunia ta Nima. Daga baya gidajen bidiyo suka shigo, sa'an nan kaset-kaset na finafinan Hausa suka fara isowa daga Kano, bayan fitowar Turmin Danya a 1990. Duk wannan kallo a akwati mai inci 14 ko 21 aka yi shi, kuma ba wanda ya yi ƙorafi. Yau ga shi ana maganar inci 55 da 65 da 75. Duniya ke nan, rawar 'yan mata.

A FARA DA AWON ƊAKI

Abu na farko da mai saye zai yi, tun kafin ya je kanti, shi ne ya ari tef na awo a wurin tela ko kafinta. Incin da ake rubutawa a jikin kwali awon fuskar talabijin ne daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, wato a karkace, don haka faɗinsa a bango bai kai wannan lamba ba. Mai inci 43 faɗinsa kamar santimita 95 ne, mai inci 55 kamar santimita 122, mai inci 65 kamar 144, mai inci 75 kuwa kamar 166, tsayinsa kuma santimita 93. A lura, ƙarin inci goma ba ƙaramin ƙari ba ne, domin fuskar mai inci 65 ta ɗara ta mai inci 55 da kashi 40 cikin 100, kuma ta ninka ta mai inci 32 har sau huɗu.

Bayan an auna bango, sai a auna tazarar da ke tsakanin bangon da wurin zama. Masana harkar silima suna da ƙa'ida a kan wannan, kuma ga ta a sauƙaƙe: tazarar zama ta kasance tsakanin ninki 1.2 da ninki 1.6 na incin talabijin. Wato mai inci 43 yana son a zauna tsakanin ƙafa 4 da rabi zuwa ƙafa 6, mai inci 55 tsakanin ƙafa 5 da rabi zuwa 7 da rabi, mai inci 65 tsakanin ƙafa 6 da rabi zuwa 9, mai inci 75 kuwa tsakanin ƙafa 7 da rabi zuwa 10. Yawancinmu a ciki da falo muke zaune, falon kuma bai cika wuce ƙafa 12 ba. Idan aka cire wurin kujera da na tebur, abin da ya rage bai wuce ƙafa 7 ko 8 ba. A irin wannan falo mai inci 55 ya wadatar, mai inci 65 kuma ya yi daidai ga wanda yake da hali. Wanda ya cusa mai inci 85 a ciki, wuyansa ne zai gaya masa, domin sai ya riƙa juya kai kamar mai kallon sukuwa. Daidai ruwa daidai tsaki.

Kada kuma a manta da ƙofa da lungu da matakala. Akwai gidajen haya da kwalin mai inci 75 ba zai iya shan kwanar zaurensu ba. Idan kuma an zo maƙalawa, tsakiyar fuskar ta yi daidai da idon mutum yana zaune, wato kimanin mita ɗaya daga ƙasa ga masu zama a kujera. A gidan da aka fi zama a tabarma ko darduma, sai a ƙara saukar da shi. Maƙala shi can kusa da silin, kamar yadda ake yi a shagon aski, ba ya haifar da komai sai ciwon wuya.

MA'ANAR LAMBOBIN DA KE JIKIN KWALI

Hoton talabijin ɗigo-ɗigo ne ƙanana da aka jera, yawan ɗigon kuma shi ne tsabtar hoton. Wanda aka rubuta wa HD kawai yana da ɗigo kamar miliyan 1. Full HD yana da 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato miliyan 2 da 'yan kai. Wanda ake kira 4K ko UHD yana da 3840 a kwance da 2160 a tsaye, wato sama da miliyan 8. Akwai kuma 8K mai ɗigo miliyan 33. Shawararmu a nan ita ce, daga inci 50 zuwa sama a nemi 4K, domin idan fuska ta yi faɗi ɗigon kuma ya yi kaɗan, ido zai riƙa ganin su ɗaya-ɗaya. Amma 8K a bar wa masu kuɗin zubarwa, tun da shirye-shiryen da aka ɗauka da wannan tsabta ba su taka kara sun karya ba.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Talabijin ba ya ƙirƙiro tsabtar da babu ita a cikin abin da aka ba shi. Tashoshi da yawa har yanzu da tsohon ma'auni suke watsa shirye-shiryensu, mai ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye. Tsofaffin finafinanmu na faifan VCD kuwa 352 ne da 288 kacal. Idan aka shimfiɗa irin wannan hoto a fuska mai inci 65, sai ka ga fuskar ɗan wasa ta dagule kamar an shafa mata koko, har mutum ya ce ai tsohon akwatinsa ya fi wannan kyau. Saboda haka, malam, ka tambayi kanka tukuna: me aka fi kallo a gidana? Idan labarai ne da wa'azi da tsofaffin finafinai, matsakaicin talabijin ya fi maka. Idan kuwa ƙwallo ne daga dikoda mai HD, da sababbin shirye-shirye irin su Labarina da Izzar So da Kwana Casa'in, to babbar fuska za ta biya kuɗinta.

Haka kuma a yi hattara da hoton da ake nunawa a kanti. Wannan tsuntsaye da furanni da ruwa mai gangarowa, an ɗauke su ne musamman don talla, an kuma ƙure hasken akwatin don ya ja ido. Ka ce a kama maka tashar gida, ko ka je da abin da ka saba kallo a 'yar na'urar USB a sa maka. Gani ya kori ji.

IRE-IREN FUSKA

Yawancin abin da ke kasuwa, ko Samsung ne ko LG ko Sony ko Hisense ko TCL ko Nasco, irin wanda ake kira LED ne. Asalinsa gilashin LCD ne da aka jera wa ƙananan fitilu a bayansa. Wanda ake kira QLED, wanda kamfanin Samsung ya fara tallata sunansa a 2017, shi ma ɗan gidan ne, sai dai an ƙara masa wani shafi da ke sa launi ya fito sosai, haskensa kuma ya ƙaru. Mini-LED kuma fitilun bayansa ne aka ƙanƙanta aka yawaita, don wuri mai duhu a hoto ya yi duhu, wuri mai haske ya yi haske.

OLED kuwa wani iri ne dabam. Kamfanin LG ne ya fito da mai inci 55 kasuwa a 2013. Shi ba shi da fitila a baya, kowane ɗigo da kansa yake kawo haske, ya kuma mutu da kansa, shi ya sa baƙinsa baƙi ne wuluk, kuma a ɗaki mai duhu ba a kama ƙafarsa wajen kyan hoto. Amma yana da tsada, kuma idan aka bar hoto guda a wuri guda na dogon lokaci kullum, kamar tambarin tasha ko layin labarai da ke ƙasan fuska, yana iya barin tabo wanda ba ya gogewa. Gidan da ake kunna tasha ɗaya tun safe har dare, ko shago, ko gidan kallon ƙwallo, OLED ba nasu ba ne. Falon da rana ke shiga sosai kuma, QLED ko LED mai ƙarfin haske ya fi dacewa da shi.

Akwai wani abu da masu kanti ba su cika faɗa ba, alhali ya shafe mu ƙwarai, mu masu taron iyali. Gilashin LED iri biyu ne. Akwai VA, wanda hotonsa ke da zurfi ga wanda ya zauna tsakiya, amma launinsa kan koɗe ga wanda ya zauna a gefe. Akwai kuma IPS, wanda baƙinsa bai kai na VA ba, amma na gefe da na tsakiya kusan abu ɗaya suke gani. A gidan da mutum goma ko sha biyar kan taru, wasu a kujera, wasu a ƙasa, wasu a bakin ƙofa, IPS ya fi adalci. Gwajinsa ba wuya: ka tsaya a gaban akwatin, sa'an nan ka matsa gefe taku uku ko huɗu, ka duba ko fuskokin mutanen ciki sun yi fari-fari.

Ga masu son ƙwallo akwai ƙarin bayani. Wanda ya ga ƙwallaye biyun da ɗan Nima, Mohammed Kudus, ya zura wa Koriya ta Kudu a Ƙatar a 2022, ya san daɗin hoton da ba ya jan jela idan ƙwallo na gudu. Abin da ke kawo wannan shi ne yawan sabunta hoto a cikin daƙiƙa guda. Na talakawa sau 50 ko 60 ne, masu tsada kuma sau 100 ko 120. Na 50 ko 60 ya isa kallon ƙwallo lafiya lau, na 100 ko 120 ya fi santsi. Sai dai kamfanoni kan buga wasu manyan lambobi kamar 200 ko 400 a jikin kwali da sunaye na talla, waɗanda ba su ne ainihin lambar ba. A duba cikin littafin akwatin, a nan gaskiya take.

NA GWANJO DA NA AIKE

Wasu daga cikin masu rubuto mana sun ce ɗan'uwa ne a Niyok ko Landan ko Hambog yake so ya auno musu talabijin ta tashar jirgin ruwa ta Tema. Madalla da zumunci, amma a yi bincike kafin a biya kuɗin jirgi da na kwastan. Wutar Gana bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Idan ba a rubuta 100-240V a takardar da ke manne a bayan akwatin ba, ranar da aka jona shi kai tsaye ranar zai ƙone. Ban da wannan, tsarin kama tashoshi na Amurka dabam ne da namu. Ƙasar Gana ta zaɓi tsarin da ake kira DVB-T2, bayan yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a Janiba a 2006 ta komawa watsa shirye-shirye na dijital. Akwatin da aka ƙera don Amurka ba zai kama tashoshinmu ta eriya ba sai an haɗa shi da dikoda. Na Ingila ya fi kusa da namu, domin wutarsu ɗaya da tamu, filoginsu ma mai ƙafa uku irin namu ne. Duk da haka garantin can ba ya aiki a nan, kuma idan gilashi ya tsage a hanya, asara ta hau kan kowa. Sau da yawa ya fi sauƙi ɗan'uwan ya aiko da kuɗin a saya a nan. Ko a nan ɗin ma, a tabbata an ga DVB-T2 a jikin kwali, idan kuma da DVB-S2 to ya fi, domin wannan yana kama tashoshin tauraron ɗan'adam na kyauta ba tare da dikoda ba.

Game da na gwanjo, Hausawa sun ce araha ba ta ado. Babban abin gudu shi ne irin wanda ake kira plasma. Manyan kamfanoni sun daina ƙera shi tun 2014, don haka duk wanda ka gani a kasuwa ya haura shekara goma, ga nauyi, ga zafi, ga shan wuta ninki biyu ko uku na LED, ga wuyar kayan gyara. Wanda ya san yadda Agbogbloshie take kafin a rushe ta a 2021 ya san inda irin waɗannan kaya kan ƙare. A sani kuma, a talabijin na zamani gilashin shi ne kusan dukan kuɗin. Idan fitilun baya ne suka mutu, ko allon wuta, mai gyara zai iya canja su da kuɗi kaɗan, amma idan gilashi ya fashe ko ya fara fitar da layi-layi, kuɗin canja shi ya kusa na sabo.

Akwai kuma jabu, wanda ake manna wa tambarin babban kamfani. Maganinsa shi ne a saya a wurin dillalin da kamfani ya amince da shi, a karɓi rasit da katin garanti mai hatimi da kwanan wata. A duba lambar akwatin a wuri uku, wato jikin kwali, da bayan akwatin, da cikin bayanan da rimot ke buɗewa, a ga sun zo ɗaya. A ɗora tef a auna incin da ido, domin akan sayar da mai inci 50 da sunan 55. Sa'an nan a sa a buɗe kwali a kunna shi a gabanka, a nuna fari zalla, da baƙi zalla, da ja da kore da shuɗi, don a ga ko akwai mataccen ɗigo ko wurin da haske ya taru. Ba a cinikin biri a sama. Wajen kai shi gida kuma a tsaye ake ɗaukarsa cikin kwalinsa, domin idan aka kwantar da shi a bayan mota, rami ɗaya ya isa ya tsaga gilashin.

WUTA DA ƘURA DA TSAWA

Ba wanda ya manta da shekarun dumsor, daga 2012 zuwa 2016, da irin kayan wutar da suka salwanta a gidajen mutane. Ɗaukewar wuta ba ta cika kashe talabijin ba, dawowarta da ƙarfi ita ce ke kashe shi. Saboda haka kuɗin na'urar kariya, irin wadda ke jinkirta wuta na 'yan mintoci bayan ta dawo, a lissafa shi cikin kuɗin talabijin tun farko. A unguwar da wuta ke yawan yin ƙasa da sama kuma, a ƙara da sitabilaiza. Idan hadari ya haɗo ana tsawa, a zare filogi, a kuma zare wayar eriya ko ta faifan tauraron ɗan'adam, domin ta nan ma tsawa kan shigo. Mai janareto ya bari injin ya daidaita kafin ya kunna akwatin. Rigakafi ya fi magani.

Sai maganar mita. Babban LED kan sha kimanin wat 80 zuwa 150, gwargwadon girmansa da hasken da aka sa masa, kuma ana rubuta adadin a bayansa. Mu ɗauka wat 120 ne, ana kallo awa 6 kullum. A wata ya sha kilowat-awa 21 da 'yan kai a mita, ban da dikoda da lasifika. A gidan haya da ake raba mita ɗaya, irin wannan lissafi ne ke haddasa rigima tsakanin maƙwabta, don haka gara a yi maganar tun da wuri. Rage hasken baya zuwa rabi ko sama da haka kaɗan yana rage shan wuta, yana hutar da ido da dare, kuma yana ƙara wa fitilun kwana.

Da hunturu ƙura kan toshe ƙofofin iska da ke bayan akwatin, zafi ya taru a ciki. A bar tazara tsakaninsa da bango, a riƙa kaɗe bayan, a rufe shi da mayafi idan an kashe, amma kada a bar mayafin a kansa yana kunne. Fuskar kuma da busasshen ƙyalle mai laushi ake goge ta. Fesa mata ruwa ko sabulu kai tsaye kan sa ruwan ya gangara cikin ƙasan gilashin ya lalata shi. Uwargida, a ja kunnen yara a kan wannan. A gidan da ke da ƙananan yara kuma, maƙala shi a bango da ƙarfe mai ƙwari ya fi ajiye shi a tebur, domin yaro mai rarrafe yana iya jawo shi ya faɗo masa.

SAUTI DA INTANET

Gidan silima ba hoto kaɗai ba ne. Talabijin na yanzu ya yi siriri har ba wurin sa lasifikar kirki a cikinsa, 'yan ƙanana biyu ne masu kallon ƙasa ko baya, shi ya sa kiɗa kan yi ƙara amma magana ba ta fita. Mafi sauƙin magani shi ne doguwar lasifikar nan mai kama da sanda da ake ajiyewa a ƙarƙashin akwatin. A duba cewa talabijin yana da ramin HDMI aƙalla uku, ɗaya daga ciki an rubuta masa ARC ko eARC, domin ta nan ake jona lasifikar, rimot ɗaya ya riƙa sarrafa su duka. Akwai kuma tsarin 5.1, wato lasifika biyar da babbar ganga ɗaya mai gurnani. Wannan na mai gidan kansa ne. A gidan haya mai ɗakuna jere, gurnanin ganga yana ratsa bango kamar babu shi, ga mai jinya, ga mai jego, ga mai tashi sallar dare. Haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne a addininmu, kuma ba mai son a kai ƙararsa gaban sarkin zango saboda fim.

Yawancin manyan akwatuna yanzu masu shiga intanet ne, suna zuwa da YouTube da Netflix da makamantansu. A nan ma akwai lissafi. Kamfanin Netflix da kansa ya bayyana cewa kallon awa ɗaya na HD kan ci har gigabait 3, na 4K kuma har gigabait 7. Fim ɗaya mai awa biyu ke nan ya isa ya lashe datar da wani ke amfani da ita wata guda a waya. Wanda ba shi da intanet na gida marar iyaka, sai ya rage tsabtar hoton a cikin saiti. Kuma kada wannan fanni ya zama shi ne dalilin zaɓe, domin manhajar ciki tana tsufa kafin gilashi ya tsufa, idan kuma ta tsufa akwai 'yar na'ura mai araha da ake soka wa a ramin HDMI ta maye gurbinta. Kyan hoto shi ne abin da ba a iya ƙarawa daga baya.

ALJIHU DA TARBIYYA

Yanzu sai mu zo kan kuɗi. Duk abin da ka tanada, kada ka miƙa shi duka a kan akwatin. Ka ware na na'urar kariya, da na ƙarfen bango da mai maƙalawa, da na lasifika, sa'an nan ka tuna da na wata-wata, wato wuta da dikoda da data. Masu ba da kaya bashi a biya kaɗan-kaɗan sun yawaita, bakinsu kuma da zaƙi. Kafin ka sa hannu a takarda, ka ninka abin da za ka riƙa biya da yawan watannin, ka gwada da farashin kuɗi hannu, ka tambayi abin da zai biyo baya idan ka makara wata ɗaya, ka kuma nemi fatawar malamai idan akwai ƙamshin riba a ciki. Adashi ya fi wannan kwanciyar hankali, ko da zai ɗauki wata shida. Babu kunya a sayen mai inci 43 mai kyau alhali maƙwabci yana da mai inci 75. Abin kunya shi ne a koro yaro daga makaranta, ko mai gida ya zo karɓar haya a ɓuya, ga kuma allo ya cika bango. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Daga ƙarshe, akwai abin da ya fi kuɗi. Mu a nan 'yan tsiraru ne, yaranmu suna tashi da Turanci a makaranta, da Tuwi ko Ga a titi, Hausar wasunsu kuwa sai a hankali. Wannan akwati yana iya taimakonmu, yana kuma iya ƙarasa abin da ya rage. Tun da aka buɗe tashar Arewa24 a 2014, ga kuma tafsiri da labarai da wasannin Hausa a intanet, iyaye sun sami abin da za su zauna su kalla tare da 'ya'yansu, yaro ya ji kalma ya tambaya, kaka ta fassara masa. Amma idan aka sakar wa yara rimot, allon da ya fi kowa girma a gidan shi zai zama malaminsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allo, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Akwatunan nan duk suna da lambar sirri ta kulle tashoshi da manhajoji, sai a sa wanda ya iya ya saita ta tun ranar farko. A kuma kafa doka a gida: idan an kira salla a kashe, lokacin makarantar allo da na aikin gida a kashe, lokacin cin abinci ma haka. Dokar da aka kafa ranar da aka buɗe kwali ita ke zama, wadda aka kawo bayan wata uku kuwa sai an sha fama.

A taƙaice dai, a auna ɗaki, a san abin da ake kallo, a gwada kafin a biya, a karɓi rasit, a tanadi kariyar wuta. Sayen nagari, mai da kuɗi gida. Masu tambaya a kan injin sanyaya ɗaki da firji su ƙara haƙuri, wasiƙunsu sun iso, kuma a kansu za mu tattauna a fitowa ta gaba idan Allah ya kai mu. Allah ya sa mu dace, ya sa albarka a abin da muke nema. Wassalam.